Manager, supervisor ko director: wanne zan rubuta a CV?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka, kaina ya ɗaure. Shekara 4 ina aiki a wani ɗakin ajiyar kaya. Da farko rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kawai nake yi, sai mai wurin ya kwanta rashin lafiya, ya miƙa min makullai. Tun daga ranar ni ke buɗewa, ni ke rufewa, ni ke raba wa ma'aikata 7 aiki. In biyu sun yi faɗa ni ake kira, littafin albashi ma a jakata yake kwana. Da ya samu sauƙi bai karɓi makullan ba. Yanzu ina cike CV da Turanci, na zo gurbin muƙami na tsaya cak. Na rubuta director na goge, na sa manager na goge, wata ta ce in sa boss. Jibi za a rufe karɓa.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Boss dai kada ki kuskura. Kalmar hira ce, daga baas ta Holanci ta shiga Turancin Amurka, ba a rubuta ta a takardar neman aiki. Supervisor tushenta Latin ne, ma'anarta duba daga sama, wato mai sa ido kan aikin yau da gobe. Manager ta fito daga maneggiare ta Italiyanci, sarrafa doki da hannu. Shi linzami ke hannunsa: ya tsara kuɗi, ya ɗauki ma'aikaci, ya sallama. Director kuwa a Ingila ɗan kwamitin gudanar da kamfani ne, sunansa na cikin rajista, doka na ɗora masa alhaki. Ke supervisor ce, magana ta ƙare.

Baban Yara: Malam, a littafi ne haka. Ni shekara 6 ana kira na coordinator, aikin manaja nake yi, albashin ƙaramin ma'aikaci nake karɓa. Da aka kawo wani yaro aka ba shi manager, ni na nuna masa yadda ake cike fom, har yau abin na ci mini rai. Ƙanwata, sa manager, haƙƙinki ne.

Mai tambaya: Na gode Malam, amma gaskiya supervisor ta yi min kaɗan. Wata 5 babu kowa a sama da ni. Shi ya sa tun farko hankalina ya fi kwanciya da director.

Anti Babba: Ai a Amurka ana kiran shugaban sashe director ko ba ya cikin kwamiti. Amma 'yata, bi a hankali. Rubuta muƙamin da aka ɗauke ki da shi, a ƙasa ki ce in charge of seven staff. Ki lura fa, in kika sa the a tsakiya, in the charge of, magana ta juye, ke ce ake kula da ke.

Malamin Turanci: Anti, wancan a manyan kamfanoni ne masu sassa da yawa, wurin mutum 7 ba ya ɗaukar darakta. 'Yar'uwa, amsa min biyu: kin taɓa sallamar ma'aikaci da kanki? Kuma me takardar ɗaukarki aiki ta ce? Masu ɗauka za su kira mai wurin, in ya ce clerk ke kin ce director, ba za su sake duba takardarki ba.

Baban Yara: Nawa ne suke kira? Ni ba a taɓa kiran kowa a kaina ba.

Mai tambaya: Sallama ba ta taso ba, don a hannuna babu wanda ya yi laifin kora. Wannan ma ai shugabanci ne. Mai wurin kuma ba zai ƙaryata ni ba, ya san abin da na yi masa. To head of operations fa? Yanzu na gan ta a CV ɗin wani.

Malamin Turanci: Takardar fa? Har yanzu ba ki faɗi abin da ke cikinta ba.