Lakar bakin teku da seleniyom: yaya zan kawo ta Kaduna ba ta sauya ba?

Hauwa'u: Salamu alaikum malamaina. Bincikena kan sinadarin seleniyom ne a lakar Kogin Bonny na Jihar Ribas, inda ruwan daɗi ke gauraya da na teku, amma a nan Kaduna zan yi awo. An ce mini iska kan sauya sakamako. Yaya abin yake, kuma yaya zan ɗebo lakar?

Malam Bashir: Wa'alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa miki. Ƙasan laka, inda ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, babu oksijin. Can bakteriya ke mayar da seleniyom tsantsarsa ko selenaid, waɗanda ba sa narkewa, su zauna tare da salfaid na ƙarfe. A saman lakar kuwa, 'yan milimitan da oksijin ke ratsawa, nau'in seleniyom da ake kira selenait na manne wa tsatsar ƙarfe, wani nau'in, selenet, kuma ya bi ruwa. In baƙar laka ta sha iska a bokiti har Kaduna, rabon nau'o'in nan zai fara sauyawa, sai ki auna abin da babu shi a Bonny.

Dakta Rabi: Ƙanwata, manta da shebur. Ki kafa bututun roba a lakar lokacin da ruwa ya janye, ki bar ruwan wurin a samansa, ki toshe bakin biyu, ya zauna a tsaye cikin akwatin sanyi (kula) da ƙanƙara, wajen digiri 4. Yankan lakar a cikin jakar da aka cika da iskar naitirojin, wadda babu oksijin, za a yi, santimita 1 zuwa 2 kowane yanki, saman ma ya fi haka siranta. Ruwan da kika matso ki tace da matatar 0.45 maikiron nan take. Don Allah kada ki busar a oven mai zafi, akwai seleniyom mai tashi kamar tururi.

Malam Bashir: Ƙari a kan na Dakta: in na'urarku ta haidiraid ce, wato mai mayar da seleniyom gas kafin ta auna, selenait kaɗai take gani. Ki auna shi tukuna, sannan ki dafa wani kason da asid haidirokulorik mai ƙarfin mola 6 a wajen digiri 90 don selenet ya koma selenait. Bambancin awon biyu shi ne selenet, sai dai in akwai na cikin ruɓaɓɓun halittu, wanda ke buƙatar narkarwa daban.

Hauwa'u: Na gode, Allah ya saka. ICP-MS muke da ita, na'urar da ke auna sinadarai ta nauyin ƙwayoyinsu.

Dakta Rabi: To, hattara da gishiri. Kulorin na gishiri da iskar agon ta na'urar kan haɗu su fito a matsayin seleniyom mai nauyi 77, adadin ya kumbura. Ki sirka samfurin, ki sa a kunna ɗakin haidirojin na na'urar, ki karanta seleniyom mai nauyi 78.