Tsarin kiyaye haɗurra (SMS) a filin jirgi mai ƙarancin ma'aikata: wa ke kan aiki, wa ya koya masa?

Mai kula da kiyaye haɗurra, Sakkwato:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta fito da kundin kiyaye haɗurra na Annex 19 a 2013, kuma NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta sanya dokar a kashi na 20 na ƙa'idojinta, kowa ya haddace ginshiƙai huɗu na SMS: manufa, tantance haɗari, bibiya, sai horo da wayar da kai. Na huɗun nake so mu tattauna. Fili irin namu jirage ba su da yawa a ranakun yau da kullum, amma da zarar an fara jigilar alhazai sai manyan jirage su sauka, dare da rana. Kowa ya faɗi inda ya ga aikin ke cijewa a sashensa, da yadda ake gyarawa.

Tsohon ɗan kwana-kwana:
Wa alaikumus salam. Malam, a fara da lissafi. Mako sa'a 168 ne. Ma'aikaci mai yin sa'a 40 a mako, sai an tara mutum huɗu da ɗoriya kafin a rufe gurbi ɗaya dare da rana. Ka sa hutun shekara, rashin lafiya da tafiya kwas, ka kai biyar ko fiye. Yawancin masu tsara jadawali sunayen da ke takardar albashi suke ƙirgawa, alhali abin ƙirgawa shi ne mutum nawa za su hau mota ƙarfe uku na dare.

Matakin kashe gobara na fili kuwa tsawon jirgi da faɗin gangar jikinsa ke yanke shi. Boeing 737-800 mataki na 7 ne: mota biyu, ruwa lita 12,100 in kumfar mai daraja B ce. Airbus A330-300 ko Boeing 747-400 mataki na 9 ne: mota uku, ruwa lita 24,300. Motar ta uku ba ta tuƙa kanta. Tana son direba da ya san filin, da mai sarrafa bindigar kumfa, da masu jan mesa. Kuma ƙa'ida ita ce a isa ƙarshen titin jirgi cikin minti uku, an fi son biyu. Wanda aka aro daga wani fili gwani ne a kan mota, amma bai san ƙofar gaggawa ba, bai san inda ƙasa ke nutsewa da damina ba. A kawo shi da wuri, a zagaya da shi da rana, a sake zagayawa da dare, a gwada gudun da agogo a hannu kafin jirgin farko ya iso.

Hajiya mai horas da ma'aikatan ƙasa:
Baba ya yi gaskiya. Namu ɓangaren ma ya fi rauni, don lokacin aikin Hajji ana ɗaukar ma'aikatan wucin gadi masu lodi da shara da jagorar fasinja. Ana tara su a aji, a nuna musu rubutu da Turanci na sa'a biyu, su sa hannu a takarda, shi ke nan wai sun samu horo. Takardar ta gamsar da mai bincike, amma yaron bai san komai ba.

Abin da ke aiki shi ne a koya da Hausa, a tsaye kusa da jirgi, abu kaɗan amma a maimaita. Ba a kusantar jirgi sai jar fitilar nan mai walƙiya ta mutu kuma injin ya lafa. Waigi ake fara sa wa tayoyi, sannan a jera robobin alama, sannan matakala ta matso. Duk motar da za ta ja baya kusa da jirgi sai da mai yi mata jagora a ƙasa. Ledar ruwa, murfin kwalba, ƙarfen zif da ya ɓalle daga jaka, duk a tsince, don injin zuƙe su yake. Hula da mayafi a ɗaure su sosai. Batun kaya masu haɗari kuma a nuna musu abin a hannu: fawa banki ba ya shiga jakar da za a loda a cikin jirgi, a hannun fasinja yake tafiya. Wannan horon na kaya masu haɗari ana sabunta shi duk wata 24, kuma ranar ƙarewarsa ce ake yawan mantawa. Sabon ma'aikaci a haɗa shi da tsohon hannu, kada a bar sababbi biyu a gefe ɗaya na jirgi.

Jami'in hasumiya:
Hajiya, ki ƙara da direbobin da ke shiga titin jirgi. Matuƙa jirgi da mu na hasumiya ana jarraba Turancinmu na rediyo, mataki na 4 ne mafi ƙasa. Direban motar duba titi ko mai gyaran fitilu sau da yawa babu wanda ya gwada shi. In an ce ya tsaya kafin layi, dole ya maimaita umarnin da bakinsa. "To" ko danna maɓalli sau biyu ba amsa ba ce. Da hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wani lokaci ba ma hango motar daga sama, muryarsa kaɗai muke da ita.

Injiniya:
Ni matsalar da nake gani ita ce rahoto. Littafin ICAO, Doc 9859, ya tsara awon haɗari gida biyar sau biyar: yiwuwar faruwa 1 zuwa 5, muni A zuwa E. Ba wuya. Wuyar ita ce mutum ɗaya ne jami'in SMS, shi ne mai duba inganci, shi ne kuma mai rubuta jadawali, ka ga yana binciken aikin da shi ya tsara. Akwatin rahoto ya cika, babu mai buɗewa. Wanda ya rubuta cewa birkin motar jan kaya ya yi sanyi, in bai ji komai ba cikin mako, ba zai sake rubutawa ba. In kuwa takardar tuhuma ya samu, to duk abokan aikinsa sun koyi yin shiru. Shugabannin sashe ne suka fi buƙatar horon nan, su iya raba kuskure da ganganci. Su ne kuma suka fi aika wakili zuwa ajin.

Mai kula da kiyaye haɗurra, Sakkwato:
Injiniya, to in an tura mutum kwas kwalejin koyon aikin jiragen sama ta NCAT da ke Zariya, ya dawo, aka yi masa canjin wurin aiki fa? Wannan na cinye mu.

Injiniya:
Yallaɓai, kada a tura mutum ɗaya a kan fanni ɗaya, a tura biyu, ko a jere. Wanda ya dawo ya koyar da 'yan sashensa cikin wata guda, a ajiye kayan karatun a ofis maimakon gidansa. A buɗe jadawali guda mai sunan kowa, kwas ɗin da ya yi da ranar ƙarewa, a riƙa duba shi kwana 90 gaba. Canjin ma'aikaci mai riƙe da muhimmin gurbi shi ma sauyi ne da SMS ta ce a auna haɗarinsa, daidai da sauya na'ura, don haka kada a sake shi sai magajinsa ya yi aiki tare da shi.

Tsohon ɗan kwana-kwana:
Saura atisaye. Babba duk shekara biyu, ƙarami a shekarar da ke tsakani. An saba yinsa da hantsi, kowa na nan, an sanar tun mako guda. A gwada shi da ma'aikatan dare kaɗai, tare da motar asibiti da jami'an tsaro daga cikin gari, a rubuta minti nawa kowa ya yi kafin ya iso ƙofa. Na rana kuma a lura da zafi: a watan Afrilu Sakkwato na haura digiri 40, mai sanye da rigar wuta da tukunyar iska ba ya jimawa kafin ya galabaita. A tanadi masu canjinsa da ruwan sha da inuwa, a sa su cikin lissafin mutanen da ake buƙata tun farko.