Baƙon tsini a zagayen serin: datti ne ko me?

Ɗan Gwaram:
Assalamu alaikum malamai. Ina gida ana ta roron wake, sakamakon samfurina ya shigo waya. Furotin ne da na tace daga waken gonar Baba, wata shida ina kansa, muka aika wani ɗakin gwaji a waje a karanta jerin amino asid ɗinsa, wato tubalan da suka gina shi, ta hanyar Edman: a kowane zagaye injin yana cire amino asid ɗaya daga bakin furotin, ya nuna shi a matsayin tsini a jadawalin sakamako. Zagaye na 1 zuwa na 3 lafiya lau. A na 4, inda muke sa ran amino asid ɗin serin, tsininta ɗan mitsitsi ne, ga kuma wani baƙon tsini can gaba wanda babu shi a ma'auni, wato jadawalin sanannun amino asid da ake kwatantawa da shi. Haka ya sake yi a na 9. Jiya ban runtsa ba. Samfurin ne ya gurɓace? Kuɗin sake aikawa babu.

Yaya daga Dawakin Tofa:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanena, halin serin ne. Tun 1950 da Pehr Edman ya fito da hanyar nan ake fama da ita. Asid ɗin TFA da ke yanke amino asid na farko yana sa serin ta zubar da ƙwayar ruwa ɗaya, nauyi 18, ta koma dehaidiro'alanin. Shi kuma ba ya zama lafiya, da ya haɗu da DTT, wani sinadari da ake zubawa cikin sinadaran injin, sai ya manne masa. Haɗin nan ne baƙon tsininka, serin ɗin da ta tsira kuma ita ce ɗan mitsitsin. Amino asid ɗin tireyonin ma haka take, baƙin tsinin nata har sun fi yawa. Datti irin su DPTU, wanda sinadaran injin ke haifarwa, a kowane zagaye yake fitowa, ba ya zaɓar na 4 da na 9.

Malamin Kimiyya, Ringim:
Gaskiya ne Hajiya, amma wake fa ya ce. Idan furotin ɗin nan mai hana tirifsin (sinadarin narkar da furotin) aiki ne irin na Bowman-Birk da ake samu a wake, cike yake da amino asid ɗin sistayin, guda 14. Sistayin da ba a toshe ba ita ma tana iya komawa dehaidiro'alanin, ta ba da tsini iri ɗaya. Ɗalibi, kun sa iyodo'asitamaid ko 4-binilfiridin, sinadaran da ke toshe sistayin, kafin aikawa? Sannan ka dubi na 9 da kyau: baƙon ne kaɗai, ko da ɗan tsinin serin kusa? Serin mai ɗauke da fosfet ma baƙon take bayarwa, tsinin serin ɗin kuwa ya kusa ɓacewa.

Ɗan Gwaram:
Allah ya saka da alheri. Malam, ba mu toshe ba, ban ma san ana yi ba. Na hau tudun bayan gari inda sabis yake, na buɗe hoton sosai. Na 4 tsini biyu ne. Na 9 baƙon ne shi kaɗai.

Malamin Kimiyya, Ringim:
To na 4 rubuta serin. Na 9 sa masa X tukuna, kada ka cike da zato. Ragowar samfurin a toshe sistayin ɗinsa, zagaye goma kacal za ka nema, ba duka ba. Kana da ragowa a firiza?

Ɗan Gwaram:
Akwai kwalba ɗaya a makaranta, Malam. Litinin in sha Allahu zan shiga Kano.