Allon hawan igiyar ruwa ga mai lalurar ƙafafu: za a iya haɗa shi a Kano?

Kafintan Na'ibawa:
Assalamu alaikum. An kawo aikin da ba a saba gani ba a garin nan. Wani matashi ɗan Kano da ke zaune a Legas yana zuwa Tarkwa Bay, yana son allon hawan igiyar ruwa nasa na kansa. Shan inna ta taɓa masa ƙafafu biyu, amma hannuwansa da ƙarfi, nauyinsa kilo 60, kuma a kwance rub-da-ciki zai hau. Yana son fiffiken ƙasan allon su zama na katako. Da me ake yin jikin allon, wane katako ya dace da fiffiken, kuma ina ake kafa mariƙin hannu? Masu sani a taimaka.

Mai Faiba:
Wa alaikumus salam, Maigida. Cire katako zalla daga lissafi, nauyi zai hana shi ko juya allon a cikin ruwa. Cikin allon farin soso ne mai ƙwaya-ƙwaya, wanda ake kira EPS, amma ba irin na kwalin firji ba, wannan ya yi laushi. Nemi mai nauyin kilo 24 zuwa 32 a kowace mita kubik. Ka danna shi da babban yatsa, in ya lotsa bai dawo ba, bar musu kayansu.

Ga mai kilo 60 a kwance, tsawo ƙafa 8, faɗi inci 24, kauri inci 3 da rabi ya isa, girman jikin allon zai kai lita 70 da wani abu. Tsaga soson biyu a tsaye, ka manna siririn filawud mai kauri milimita 4 zuwa 6 a tsakiya, shi ne ƙashin bayan allon. A jikin wannan filawud ɗin za ka fara yanke lanƙwasar: hanci ya ɗaga inci 5, wutsiya inci 2 da rabi. In hancin ya kwanta da yawa, da igiya ta turo shi sai ya nutse, mutum ya kifa ta ka.

Inda mutane ke asara shi ne wajen razin, wato ruwan gam ɗin da ake jiƙa yadin faiba da shi ya daskare. Wanda masu gyaran bamba da tankin ruwa ke amfani da shi foliyesta ne, yana narkar da EPS nan take, kana kallo aikin sati zai zama kunu. Razin ɗin da ake kira ifoksi kaɗai za ka sa. Yawancinsa kashi 2 na razin ne da kashi 1 na hadna, wato sinadarin da ke sa shi daskarewa, amma bi abin da ke jikin galan, kuma a auna, kada a kintata. Ƙara hadna ba ya sa shi saurin bushewa, sai dai ya bar shi da danƙo har abada. Yadin faiba mai oza 6 (oza awon nauyin yadin ne), shimfiɗa ɗaya a ƙasa, biyu a sama, kowanne ya naɗo gefe da inci 2. Kilo 3 na ifoksi zai ishe ka har da na zubewa.

Sai zafin Kano. A watan Maris da Afrilu ifoksi na iya ɗaukar zafi ya daskare a cikin kofi kafin ka gama shafawa, don haka dama kaɗan-kaɗan ka juye a kan yadin da wuri. Yi shafen da yamma lokacin da gari ke hucewa. Da hantsi iskar da ke cikin soson tana buɗewa, ta huda razin ta bar ƙananan ramuka kamar na allura, kuma ta nan ruwan gishiri zai shiga. In lokacin hunturu ne, yayyafa ruwa a ƙasa ka rufe taga saboda ƙura. Takunkumi da safar hannu dole ne.

Baba Mai Zarto:
Ɗana, kan fiffike, kada kyan katako ya ruɗe ka. Madaci da iroko suna da kyan gani, amma iroko yana da maiƙo, ifoksi ba ya kama shi sosai sai an goge da sinadari, kuma falanki guda siriri yana tsagewa ta bin jijiya. Obeche ba nauyi, sai dai ya yi taushi. Filawud na jirgin ruwa mai milimita 6 ya fi su duka, domin kowane falle jijiyarsa ta gitta ta ɗan'uwansa.

Guda biyu na gefe, tsayi inci 4 da rabi, gindi ma haka. Fuskar da ke kallon tsakiyar allo a bar ta a miƙe, ta waje ce ake ferewa ta yi doro. Wuri mafi kauri ya zauna a kashi ɗaya cikin uku daga gaba, daga nan ya sirance zuwa baya. Daɗin filawud shi ne, kana bi da magagari layukan fallen suna fitowa kamar zane. In layukan sun tafi sumul a jere, aikin ya yi daidai. In wani ya karkace, akwai tudu a wurin. Haɗa biyun ka duba layukansu su zo ɗaya, in ba haka ba allon zai riƙa janyewa gefe guda. Samfefa lamba 80, sai 120, a tsaya nan don razin ya sami wurin kamawa.

Katakon da ya sha iskar Kano ya bushe ƙarau, ya je Legas ya sha laima zai kumbura. Saboda haka ko'ina a rufe, musamman bakin da aka yanka. Yadi mai oza 4 falle biyu kowace fuska, a bar razin ya zarce bakin katakon da milimita 2 zuwa 3, shi zai riƙa shan karo da yashi.

Mai Faiba:
Baba ya gama magana. Wajen kafawa, a sa su inci 12 zuwa 14 daga ƙarshen wutsiya, gaban kowanne ya karkato wajen tsakiya da milimita 6, kansa ya ɗan buɗe waje da digiri 5 ko 6. A ɗana da gam, a cika gindin da zaren faiba, sannan a bi da yadi falle biyu kowane gefe.

Hajiya Mai Gashin Ƙashi:
Malamai, kun yi maganar allo, saura mai hawa. A gasar duniya ta masu lalura da ƙungiyar hawan igiyar ruwa ta duniya, ISA, ta fara a Kalifoniya a 2015 ana raba su rukuni-rukuni: masu tsayuwa, masu durƙuso, masu zama, masu kwanciya da kansu, masu kwanciya da mataimaki, da masu lalurar gani. Wannan matashin mai kwanciya ne, kuma da kafaɗa da gwiwar hannu zai riƙa juya allon, shi ya sa ba a kafa mariƙi da ka. Ya zo ya kwanta a kan soson tun kafin a shafa faiba, ko a aiko da awon daga ƙirjinsa zuwa tafin hannu, gwiwar hannu a lanƙwashe. A nan za a yi alama.

Mariƙin ya zama na ɗamara mai laushi irin ta bel ɗin mota, a zura ta cikin tiyo. Ƙarfe ko katako zai fasa masa baki ranar da igiya ta buga shi. Kada a ɗaure jikinsa da allon ko kaɗan, in ya kife dole ya iya rabuwa da shi. A manna soson roba mai laushi da ake kira EVA daga ƙirji zuwa gwiwa, da ɗan tudu a ƙarƙashin ƙirji don ya iya ɗaga kai, da ƙananan tudu biyu a gefen wutsiya don ƙafafun kada su zame cikin ruwa. Ban yarda da barin bayan fiffike da kaifi ba, Baba, a dakushe shi. Ƙafar da ba ta iya janye kanta ita ke fara haɗuwa da shi.

Baba Mai Zarto:
Na karɓi gyara, Hajiya. Amma mariƙin nan kada a ɗaura shi da kusa a cikin soso, ja ɗaya zai tumɓuke shi ya bar rami. A fafe soson, a dasa ɗan katako mai inci 2 da ifoksi, a ƙara yadi falle biyu a kansa. In an huda ramin kusar a cika shi da razin, ya bushe, a sake hudawa, kusar kuma ta zama ta silba wadda ba ta tsatsa.

Mai Faiba:
Kar a manta da ƙaramar mashaƙar iska a saman allon, kuma a yi masa farin fenti. Allon EPS da aka bari a rana ko a but ɗin mota, iskar cikinsa na buɗewa ta ɗaga faibar ta yi ƙulu. Auna shi a sikeli, a kai shi wurin ninkaya ya yi awa ɗaya a ruwa, a goge a sake aunawa. In nauyi ya ƙaru, akwai huda, a nemo ta tun a nan. Wajen lodi a tashar manyan motoci, a naɗe hanci da wutsiya da kwali, a sa gutsuren soso tsakanin fiffiken biyu, kuma a tsaya a ga inda yaran mota suka ajiye shi kafin a tafi.