Farautar elk a duwatsun Kolorado: me ya sa nasu naman ba ya ƙarewa?

Jikan Maharbi, Dass:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ke aiki a Kolorado ta Amurka ya bi abokan aikinsa farauta cikin duwatsu a watan Oktoba, ya turo min bidiyo. Sun harbi wata ƙatuwar barewa da suke kira elk, mai ƙaho rassa-rassa, girmanta kamar bijimi. Ya ce namijin yakan haura kilo 300. Mota ba ta shiga wurin, don haka a nan suka feɗe ta, suka rarraba cinyoyi da kafaɗu a buhunan yadi, suka yi ta goyo suna gangarowa cikin dusar ƙanƙara.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mutanen nan suna da bindigogi masu madubi da ke cin nisa, kowace shekara dubbai ne ke shiga dajin, amma nama bai ƙare ba. Mu da bindigar toka da karnuka mun share duwatsun Mbula. Kakana yana kawo mazo da gada daga bayan gari. Ni da na gaji bindigarsa, zomo da gafiya nake samu. Don Allah masu sani, ina bambancin yake?

Bakano a Denba, Kolorado:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, su ma sun taɓa share nasu. Wajen shekarar 1900 elk ta kusa ƙarewa a Amurka, saboda masu harbi don sayar da nama da fata. Sai aka hana cinikin naman daji, aka ɗebo dabbobi daga gandun Yalosuton aka sake su a wuraren da suka ɓace. A 1937 aka yi dokar da ta karkata harajin dogayen bindigogi da harsashi, kashi 11 cikin ɗari a yau, zuwa hukumomin kula da namun daji na jihohi. Yanzu Kolorado ce ta fi kowace jiha yawan elk, sun haura 250,000.

Kuma ba haka kawai kake saɓa bindiga ba. Kana sayen lasisi na dabba ɗaya, a yanki ɗaya, na 'yan kwanaki. Wasu yankunan sai an yi ƙuri'a, mutum ya yi shekaru yana jira. Masu baka da kibiya a Satumba suke shiga, lokacin barbara da mazan ke kuka suna kiran mata, masu bindiga kuma Oktoba da Nuwamba. Babu fitilar goshi, babu karnuka, babu harbin dare. Mai bindiga dole ya sa riga da hula ruwan lemo ko ruwan hoda don kada a harbe shi. Idan ka kashe ka ɗauki ƙaho ka bar nama ya ruɓe, kotu ce. Yawancin masu lasisi ma hannu biyu suke dawowa, don hawan dutsen da ya kai mita 3,000 ba wasa ba ne, numfashi sama-sama mutum yake yi.

Tsohon Baushe, Toro:
Yaro, Allah ya ji ƙan kakanka. Abin da wannan bawan Allah ya lissafa, muna da irinsa, ba a takarda yake ba ne kawai. Da muna samari, Sarkin Baka ne ke cewa an buɗe daji, kuma sai an gama girbi. Da damina ta faɗi kowa ya rataye kwarinsa ya kama fartanya. Ubangidana in ya ga mace da ɗa a bayanta, sauke baka yake yi, in ka harba kuwa a gaban mutane zai ci mutuncinka. Yanzu fa? Yara su cika a-kori-kura da karnuka, su cinna wa daji wuta, su kashe mai ciki da mai shayarwa, su ɗora a bakin titi. Wannan ba farauta ba ce a wurina.

Ma'aikacin Gandun Daji, Bauchi:
Baba, gaskiya ka faɗa, amma ka yi min izini in ƙara. Ko yau kowa ya ajiye bindiga, ina dabbar za ta kwana? Gindin dutsen ya zama gona, itacen ya tafi gawayi, rafin shanu sun tattake. Su can ƙasar gwamnatin tarayya ce mai faɗin gaske aka bari daji. Mu Yankari muke da shi, murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956, shi ya sa har gobe akwai gwanki da kanki da gwambaza da ɓauna a ciki. Gandun dajin Lame-Burra da ke kusa da ku, Baba, ai kun fi ni sanin halin da yake ciki. Sannan mai biyan ɗaruruwan daloli don lasisi ba yunwa ce ta kai shi daji ba. Namu maharbin cefanen gida yake nema, kuma shi ne ɗan sintirin da ke tsare ƙauye. Dokar da ba ta yi la'akari da wannan ba, ba za ta kai ko'ina ba.

Jikan Maharbi, Dass:
Na gode ƙwarai. Baba, ranka ya daɗe, maganarka ta shige ni. Yallaɓai na gandun daji, ban ƙi taka ba, sai dai saman duwatsunmu garma ba ta hawa, kuma har yanzu ina ganin sawun gada a kwazazzabai bayan ruwan farko. Zan kai maganar taron ƙungiyarmu ta maharba: a rufe dutse ɗaya na shekara uku, a hana fitila da ƙuna a ko'ina. In mun amince, ofishinku zai iya ba mu takarda da za mu nuna wa masu zuwa da motoci daga wasu garuruwa, ko ta wurin hakimi za mu bi?