Maigidana nas ne a soja za a tura su Abyei, ya rayuwar can take?

Maman Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya taɓa zuwa aikin wanzar da zaman lafiya a ƙasar waje, ko wadda mijinta ya taɓa zuwa, a taimaka min da bayani. Abban Hanifa nas ne a soja, muna zaune nan kusa da barikin Bukabu, sunansa ya fito cikin waɗanda za a tura Abyei, wani yanki tsakanin Sudan da Sudan ta Kudu, yanzu haka suna Jaji ana ba su horo. Wlh tunda ya faɗa min ban ƙara barcin kirki ba, in na tambaye shi sai ya ce ai shi ma'aikacin lafiya ne allura kawai zai dinga yi. Da gaske ba sa fita daji? Ina suke kwana, me suke ci, ana samun waya? Hajiyarsa kullum ni take tambaya kuma ba ni da abin ce mata.

Tsohon Saja:
Wa alaikumus salam 'yata. Ni Darfur ta ƙasar Sudan na yi a 2010 ƙarƙashin UNAMID, wato rundunar haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka, ɓangaren lafiya, kuma ba zan ɓoye miki ba, suna fita. Duk ayarin da zai tafi sintiri mai nisa sai an haɗa shi da motar asibiti da ma'aikacin lafiya a ciki, hular kwano da rigar sulken da kowa ya sa shi ma ita zai sa. Haɗari kuma akwai shi, a Satumbar 2007 aka kai hari sansanin Haskanita da ke Darfur aka kashe sojojin Tarayyar Afirka, yawancinsu namu ne 'yan Najeriya. Amma in gaskiya za a bi, kwanakin da na yi can yawancinsu ba harsashi na gani ba, zazzaɓin cizon sauro ne da gudawa da ƙurajen zafi da harbin kunama. Ana idar da asuba za ki ga layi a ƙofar kilinik, a auna zafin jiki a ɗebi jini a ba da magani, daga nan mu zaga kicin mu duba tsafta, mu gwada ruwan tanki ko sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ya ji, don ruwa ɗaya in ya ɓaci sai ya kwantar da kamfanin soja guda, abin da ɗan tawaye ma bai yi ba. Kwana a kwantena ne masu na'urar sanyaya ɗaki in janareta na aiki, wasu kuma tanti. In habub ta taso, wato guguwar ƙurar nan tasu, rana tsaka sai gari ya yi ja ya koma duhu, har cikin akwatin magani sai kin tarar da yashi.
Abin da ban manta ba, wata rana mun fita duba mutanen gari wata mata ta kawo yaro idonsa ya faɗa, fatar cikinsa in ka ja ba ta komawa, ina ta neman tafinta sai na ji ta ce bawan Allah ka taimake ni, da Hausa tas! Ashe kakanta daga ƙasar Kano ya tashi da ƙafa za shi Makka ya yada zango a can. Jijiyar hannun yaron ta ɓuya, sai a ƙafa na samu na sa masa ƙarin ruwa, kafin la'asar ya buɗe ido yana neman nono.

Nas A.:
Baba Saja ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Ni Timbuktu na yi lokacin MINUSMA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali, kafin a rufe ta a ƙarshen 2023. Asibitocin hawa hawa ne, mataki na 1 kilinik ne na sansani, na 2 shi ne mai ɗakin tiyata da hoton ƙashi, abin da ya fi ƙarfinsa a ɗauke shi a jirgi zuwa na 3. Akwai ƙa'idar da ake ce wa 10-1-2, minti 10 na farko a tsaida jini a buɗe hanyar numfashi, cikin awa 1 ya isa hannun ƙwararru, cikin awa 2 a shiga da shi tiyata in da buƙata, shi ya sa za ki ga ana ta maimaita musu ɗaura ɗamarar tsaida jini har mutum ya iya da ido a rufe. Abyei kuma matsalarta damina, ƙasar baƙar laka ce mota ba ta motsi, sai helikwafta. Ki matsa masa ya dinga shan maganin rigakafin maleriya yana shiga gidan sauro, mu ma'aikatan mun fi kowa sakaci da kanmu.

Ummu Sadik:
'Yar uwa ki kwantar da hankalinki, nawa sau biyu yana zuwa muna Janguza. Waya ana samu, WhatsApp dai, amma wani lokaci sai a yi kwana uku huɗu shiru, kar ki ce wani abu ne ya faru netwok ne kawai. Can sun riga mu da awa ɗaya, ki tsaida lokaci ɗaya bayan isha'insu. Abinci ana ba su isasshe sai dai bakinsu na gajiya, ki haɗa masa yaji da kuka da daddawa da kilishi da garin kunu. Kuma tun kafin ya tafi ku zauna ku yi maganar kuɗin cefane da na makarantar yara da wanda za ki kira in larura ta taso cikin dare, ni karon farko kunya ta hana ni na sha wuya sosai. In ya dawo kika ga ya yi shiru ko yana firgita a barci kar ki yi fushi, ki lallaɓa shi ya ga likita.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri, Baba na gode da ba ka ɓoye min ba. Na karanta wa Hajiya labarin matar nan har ta yi hawaye, ta ce ita za ta daka yajin da hannunta. Anti Ummu gobe zan shiga kasuwar Rimi, kilishin nawa kike ganin zai kai ba tare da ya lalace ba?