Narkakken dutsen nan daga ina ya samo asali?

Jama'a, ku taimaka, na cije. Ina nazarin samfuran tokar dutse mai aman wuta da ta kwarara ta manne ta zama dutse, irin ta tsibirin Fantelleriya na Italiya. A cikin sinadaran samfuran, sodiyam da fotasiyam sun rinjayi alminiyam, zakoniyam ya yi yawa, sitironciyam da bariyam kuwa kamar an share su. Wannan ya yi kama da ragowar narkakken basalt, wato baƙin dutsen da aman wuta kan fitar, bayan felsfa, wani nau'in ma'adini, ta yi ta daskarewa tana fita daga cikinsa. To amma tarin tokar ya yi girma ƙwarai, ina basalt ɗin da ya haife shi ya shige? Duwatsun tsaka-tsaki ma, wato waɗanda haɗin sinadaransu ke tsakanin na basalt da na wannan toka, ƙalilan ne. Ko dai gabro ne, ɗan'uwan basalt da ke daskarewa a can cikin ƙasa, ya ɗan narke a ƙarƙashin ɓawon ƙasa? Wane awo zai raba mini gardamar nan?